Wa Ke Bin Mu Bashin Gwamnati?

Kalmar "tallafi" ta sha aiki a bakinmu cikin 'yan shekarun nan. In gwamnati ta raba shinkafa, tallafi ne. In ta raba keken ɗinki, tallafi ne. In banki ya ba mutum rancen naira dubu ɗari biyar, da takardar da ya sa wa hannu, da ranar biya, da kuɗin ruwa a kai, muddin aka ji akwai hannun gwamnati a ciki, shi ma sunansa tallafi. Kalma ɗaya ta lulluɓe kyauta ta lulluɓe bashi, alhali a gidajenmu ko yaro ɗan shekara bakwai ya san bambancin "ungo" da "na ara maka".

A Limawa, kamar sauran unguwannin Dutse, duk ranar da aka buɗe shafin neman jari, labari yakan isa majalisa kafin ya isa rediyo. Mu da muke sana'ar rubuta manhaja mu ake nema a irin wannan rana, don a ganin jama'a duk wanda ya san kwamfuta ya san ƙofar gwamnati. Tela zai zo, mai walda zai zo, mai shayi da mai sayar da dabino za su zo, matar da ke soya ƙosai za ta aiko ɗanta da lambar BVN a rubuce a bayan kwalin magani. Tambayar da aka fi yi mana ita ce, "Yaushe zai faɗo?" Da wuya ka ji wanda ya ce, "Yaushe za a fara biya?"

Ba wai mutanenmu macuta ba ne. Telan nan da bai tambayi ranar biya ba, in ya karɓi yadi bashi a kasuwa, ba ya samun barci mai daɗi sai ya kai kuɗin. To me ya sa bashi ɗaya yake hana shi barci, ɗayan kuma ko a jikinsa? Shin kuɗin da gwamnati ta ranta wa mai ƙaramar sana'a bashi ne a wuyansa kamar kowane bashi, ko kuwa rabonsa ne da ya daɗe yana jira, ya zo a makare sanye da rigar bashi?

Ba yau aka fara wannan harka ba. A 1989 gwamnatin Babangida, wadda bayan shekara biyu ta ƙirƙiro mana jihar Jigawa, ta kafa People's Bank don bai wa talaka rance ba tare da jingina ba, aka ɗora Tai Solarin a kan shugabancinsa. Bai yi tsawon rai ba. A 2000 aka haɗe shi da wasu hukumomi, abin da ya zama Bankin Manoma na yanzu. Wanda yawancinmu muka gani da idonmu shi ne shirin Anchor Borrowers, da Shugaba Buhari ya ƙaddamar a Kebbi a watan Nuwamba na 2015. Tsarinsa mai sauƙin fahimta ne: manomi ya karɓi iri da taki da magani da ɗan kuɗin aiki, in kaka ta yi ya biya da amfanin gona. Manoman shinkafar kwarin Haɗejiya na cikin waɗanda suka shiga. Babban Bankin Najeriya, wato CBN, ya zuba fiye da naira tiriliyan ɗaya a ciki. A farkon 2023 Asusun Ba da Lamuni na Duniya, IMF, ya ce kashi 24 cikin ɗari kawai aka biya. CBN ya musanta, ya ce kashi 52 ne. Ko da mun ɗauki lissafin CBN ɗin, kusan rabin abin da lokacin biyansa ya yi bai dawo ba.

A 2018 aka zo da TraderMoni ta hannun Bankin Masana'antu: naira dubu goma ga mai ƙaramin tebur, ya biya cikin wata shida, a ƙara masa zuwa dubu goma sha biyar, a haka har ya kai dubu ɗari. A 2020 kuma, lokacin kullen korona, aka buɗe rancen da ya bi ta bankin NIRSAL, aka fara da naira biliyan 50. Wannan shi ne wanda har yau ake kira "kuɗin korona" a majalisu, sunan da shi kansa bai ɗauke da ƙamshin biya ba.

Hujjar da muke kafawa wajen ƙin biya ba ta wauta ba ce, kuma bai kamata a yi mata kallon raini ba. Muna cewa: manya sun ci nasu, wa ya tambaye su? Akwai gaskiya a ciki. A 2010 aka kafa hukumar AMCON don ta saye munanan basussukan da manyan attajirai da kamfanoni suka ci a bankuna suka kasa ko suka ƙi biya. Shekaru bayan nan hukumar tana ta kukan tana bin kusan naira tiriliyan biyar, kuma mafi yawan kuɗin yana hannun mutane da kamfanoni kimanin 350 kacal. Da za a raba tiriliyan biyar dubu goma-goma irin na TraderMoni, da ya ishi mutum miliyan ɗari biyar, fiye da ninki biyu na 'yan Najeriya gaba ɗaya. Ga shi kuma binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2019 ya sa kashi 87 cikin ɗari na mutanen Jigawa cikin talauci. Sakkwato da Taraba kaɗai suka fi mu. Mutumin da ya sayi maganin da ya kamata ya samu a asibiti, ya biya kuɗin darasin da ya kamata makaranta ta koyar, ya sayi man janareto saboda babu wuta, in wata rana kuɗi ya faɗo masa daga Abuja, ba abin mamaki ba ne ya ga kamar tsohon bashinsa aka fara rage masa. A lissafinsa shi ke bin gwamnati.

Sai dai hujjar tana tsaye ne a kan zato ɗaya: cewa kuɗin da muka riƙe daga aljihun waɗancan manyan yake fita. Da haka ne, da maganar ta zo da sauƙi. Amma attajirin da ke cikin mutum 350 ɗin nan bai rasa ko sisi ba don wani mai walda a Dutse bai biya dubu ɗari uku ba. Bai ma ji labari ba. To wa ya rasa?

Don samun amsar, mu dubi adashi, wanda muka fi kowace gwamnati iya gudanar da shi. Uwar adashi ba ta da kotu, ba ta da 'yan sanda, ba ta san BVN ɗin kowa ba. Amma mace za ta kwashi nata a watan farko, ta ci gaba da zubi har wata tara ko goma, kuɗin da ta riga ta kashe tuntuni. Me ya riƙe ta? Ta san wadda za ta kwasa a wata mai zuwa. Ta san sunanta da gidanta, ta san kayan ɗakin 'yarta ake jira a saya da kuɗin. In ta tsallake zubi, ba wani "tsari" ta cuta ba, wance ta cuta, kuma gobe za su haɗu a gidan suna. Maƙwabtanmu Fulani suna da irin wannan a kiwo, abin da suke kira haɓɓanaye: a ara wa wanda ya rasa dabbobi saniya, ta zauna a wurinsa har ta hayayyafa, ya riƙe 'yan maruƙan ya mayar da uwar. Babu takarda, amma ba a wasa da shi.

Shi ya sa muke ganin shirin awaki na zamanin Gwamna Muhammad Badaru Abubakar, wanda ya mulki Jigawa daga 2015 zuwa 2023, ya fi ƙarfin dariyar da aka yi masa a kafafen sada zumunta. An raba wa mata, musamman waɗanda mazansu suka rasu, awaki uku-uku a matsayin rance, bisa sharaɗin in sun hayayyafa a mayar da wasu don a ba waɗansu matan. Mutanen birni suka ce gwamna guda ya rasa abin rabawa sai akuya. Amma duba abin da akuya take da shi wanda kuɗin asusu ba shi da shi. Ana ganinta. Maƙwabta sun san ta shigo gidan, sun san ranar da ta haihu. Ba a tura ta ta waya a sayi babur cikin dare. Uwa-uba, wadda ta karɓa ta san abin da za ta mayar ba Abuja zai tafi ba, gidan wata mata irinta zai shiga, wataƙila a ƙauyen da ke gaba. Bashi ne mai fuska. Kuma sana'a ce da matan karkara suka gada, ba wadda aka koya musu a taron kwana uku a otal ba.

Rancen gwamnati ma yana da wanda ke jiran kwasa a wata mai zuwa, fuskarsa ce kawai ba mu gani. Irin waɗannan shirye-shirye an gina su ne a kan cewa abin da na farko ya mayar shi za a ba na biyu. In na farko ya riƙe, layi ya tsaya. A watan Disamba na 2023, CBN a ƙarƙashin Olayemi Cardoso ya dakatar da karɓar sababbin masu neman irin wannan rance, bayan ya ce an zuba sama da naira tiriliyan goma a shirye-shiryen a shekarun baya. Dalilan rufewar suna da yawa, har da ra'ayin cewa tun asali wannan ba aikin babban banki ba ne. Amma wanda zai je neman a sake buɗe ƙofar, da wane baki zai yi magana alhali ga alƙaluman biya a kan tebur? Yaron da ya gama koyon walda a 2024, yana neman kuɗin inji, shi ne wance ta adashinmu. Bai san mu ba, ba mu san shi ba, amma kwasarsa ce aka tsallake.

Akwai kuma wanda ya biya bai ma taɓa cike fom ba. Babban banki ba ya noma, ba ya fatauci. Kuɗin da ya fitar da yawa, in bai dawo ba kuma bai haifar da ƙarin kaya a kasuwa ba, yakan biyo ta bayan gida ya same mu a farashin kwanon gero. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disamban 2024. Cire tallafin fetur da faɗuwar naira suna da babban kaso a ciki, ba mu ɗora wa mai walda laifin duka ba. Amma duk ɗan abin da bashin da bai dawo ba ya ƙara, tsohuwar da ke auna rabin kwano a kasuwar Shuwarin ce ta biya shi, ba attajiri ba.

To in haka ne, laifin namu ne mu kaɗai? Ina! Nan ne ma muke ganin an fi zaluntar talaka, domin ba shi ya fara cakuɗa kyauta da bashi ba.

A aikinmu, in za mu tsara rumbun bayanai na irin wannan shiri, dole akwai gurbin da za a rubuta ko kuɗin nan za a mayar da shi ko ba za a mayar ba. Gurbin amsa biyu kawai yake karɓa, e ko a'a. Ba ya karɓar "e, amma dai kowa ya gane". Ɗan siyasa kuwa a kan wannan amsa ta uku yake rayuwa. A takarda rance ne, don kada mai binciken kuɗi ya ce an yi almubazzaranci. A wajen taro kuma romon dimokuraɗiyya ne, ana kiɗa, ana ɗaga hoton ɗan takara. TraderMoni ya bazu kasuwanni ne a ƙarshen 2018, Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo yana zagayawa da kansa, ana saura 'yan watanni a yi zaɓen Fabrairun 2019. 'Yan adawa da wasu ƙungiyoyi suka ce sayen ƙuri'a ne, gwamnati ta ce ba haka ba ne. Ba sai mun shiga zuciyar kowa ba. Abin da ya shafe mu shi ne yadda mai tebur ta fassara abin. In ta ɗauka cewa ranar zaɓe ce ranar biya, kuma ta je ta dangwala, to a wurinta ciniki ya faɗa.

Ɗan siyasa yakan manta, kwamfuta ba ta mantawa. Tun watan Agustan 2020 CBN ya fara aiki da tsarin GSI, wanda ya ba banki damar ɗebe bashinsa daga duk wani asusu da ke ɗaure da BVN ɗin mutum, ko a wane banki yake. Daga baya mutanen da suka manta da kuɗin korona suka fara wayar gari suna ganin an zare musu kuɗi. Wani kuɗin ciniki ne ya shigo, wani ma ajiyar wani ce aka turo ta asusunsa. Wanda ya ɗaga musu gira a wajen taro cewa "ku dai ku karɓa" ya sauka daga kujera ko ya sauya jam'iyya. Lambar nan mai alƙaluma goma sha ɗaya ce ta rage, ita kuwa ba ta halarci taron ba.

Mafi ciwo shi ne na waɗanda aka yi amfani da sunansu. Duk inda aka ce sai da babbar waya da imel da Turanci, to an buɗe kasuwar dillalai. Arewa maso yamma ce ta fi kowane yanki a ƙasar nan yawan waɗanda ba su da hulɗa da banki, don haka dillali ba ya rasa ciniki. Zai bi gida-gida ya tara BVN, ya cike, in kuɗi ya faɗo ya ɗauki rabi ko fiye da sunan "na sama ma sai an gan su". Mai sunan ya karɓi ɗan abin da aka miƙo masa yana godiya, bai san a rumbun bayanai cikakken adadin ne a wuyansa ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wannan mutum, in ana maganar haƙƙi, abin da ya shiga hannunsa ake bin sa, sauran kuwa dillali zai amsa, ko a nan ko a can. Amma manhaja ba ta san da dillali ba.

Haka kuma ba ta san bambancin wanda ya kasa da wanda ya ƙi ba. Malaman fiƙihu sun daɗe da rarrabe su: wanda ba shi da halin biya a jira shi har ya samu, wanda yake da hali yana jan ƙafa kuwa azzalumi ne. Ambaliyar 2020 da ta 2022 sun cinye gonakin shinkafa masu yawa a jihar nan. Manomin da ruwa ya tafi da abin da zai biya da shi ba ɗaya yake da ma'aikacin da ya yi rajista a matsayin manomi, ya sayar da takin a bakin sito, ya ƙara aure ba. A alƙaluman IMF da na CBN duk layi ɗaya aka sa su. Mu da muke zaune da su mun san wane ne wane.

Bari mu ɗan ratse kan kuɗin ruwa, tunda ba a raba shi da wannan magana a ƙasar Hausa. Mutane da dama sun ƙi neman rancen nan don gudun riba, har CBN ya fitar da ƙa'idojin rance marar ruwa na waɗannan shirye-shirye a 2020. Muna girmama wanda ya bar kuɗi yana so saboda tsoron Allah. Wanda ke ba mu mamaki shi ne wanda ya karɓa hannu bibbiyu, sai da lokacin biya ya yi ya tuna cewa ruwa haramun ne, ya kuma riƙe har uwar kuɗin. Babu malamin da ya haramta ruwa sannan ya halatta cinye uwa.

Wani zai ce, in dai haka abin yake, gwamnati ta tsame hannunta mana, kowa ya nemi jari a wurin maigidansa kamar yadda ake yi a Kwari da Kurmi tun kaka da kakanni. Da mun yarda, ba don abin da aka gani a shirin YouWiN ba. A 2011 gwamnatin Goodluck Jonathan ta buɗe gasar tsara kasuwanci, kusan mutum dubu 24 suka shiga, aka zaɓi 1,200. Kyauta aka ba su, aka kuma kira ta kyauta, a matsakaici kimanin dala dubu 50 kowanne, ana sakin ta kashi-kashi bayan an ga inda na baya ya shiga. Abin sha'awa, fiye da 700 daga cikinsu ƙuri'a ce ta fitar da su daga cikin mutum kusan 1,800 da suka tsallake tantancewa. Wannan ya ba David McKenzie na Bankin Duniya damar bin sawun waɗanda ƙuri'a ta faɗa wa da waɗanda ta tsallake, mutane masu kama da juna a komai in ban da sa'a. Sakamakon da ya wallafa a 2017 ya nuna cewa bayan shekara uku, a cikin kowane mutum ɗari da suka samu, an samu ƙarin fiye da ashirin da suka kai ga ɗaukar ma'aikata goma ko fiye, in aka kwatanta da waɗanda ba su samu ba. Ashe akwai masu sana'ar da jari ne kawai ya tsare su, kuma kuɗin gwamnati yana iya buɗe musu hanya. Gasar dai ta 'yan boko ce masu rubuta tsari da Turanci a intanet. Mai ƙosan Limawa ba ta cikin lissafi. Amma darasin ya shafe ta.

Akwai kashi na biyu na binciken da ya kamata ya sanyaya mana gwiwa, mu masu kwamfuta. McKenzie da abokin aikinsa Dario Sansone sun duba ko makin da alƙalan gasar suka bayar ya nuna wanda zai yi nasara bayan shekara uku. Bai nuna ba. Suka gwada dabarun ƙirƙirarriyar basira, irin waɗanda muke taƙama da su a taruka, su ma ba su taɓuka abin kirki ba. Wato duk wanda ya zo wa gwamna da manhajar da ya ce za ta zaƙulo "matasan da suka cancanta" daga fom, kwangila yake nema. A Indiya kuma, a garin Amravati na jihar Maharashtra, wasu masu bincike uku, Reshmaan Hussam da Natalia Rigol da Benjamin Roth, sun gano cewa maƙwabta sun san wanda zai iya juya jari a cikinsu, sani na gaske. Amma da suka fahimci amsarsu ce za ta yanke wanda zai samu kuɗi, sai suka fara karkata ta wajen kansu da danginsu da abokansu. Ba sai an je Indiya ba kafin mu san wannan. Duk wanda ya taɓa ganin jerin sunayen da ya biyo ta hannun 'yan siyasar mazaɓa ya sani.

Mu kawo lissafin gida. A jawabinsa na 31 ga Yulin 2023, bayan cire tallafin fetur, Shugaba Tinubu ya yi alkawarin naira dubu hamsin-hamsin ga masu ƙananan sana'o'i 1,300 a kowace ƙaramar hukuma cikin 774. Wannan karon an kira shi kyauta, kuma mun yaba da hakan, ko da yake a 2024 dubu hamsin ba ta sayen buhun shinkafa, balle a yi maganar bunƙasa kasuwanci. Kuɗin jan numfashi ne. Ƙaramar hukumar Dutse tana da mazaɓu goma sha ɗaya. In aka raba daidai, Limawa za ta samu gurbi kusan 118. Masu sana'ar hannu a Limawa sun ninka haka sau da yawa. Ko da mala'ika aka ba rabon, mafi yawan waɗanda suka cancanta ba za su samu ba. Saura tambayar ta yaya za a hana su.

Hanawa iri biyu ce. Akwai wadda mutum zai koma gida ya ce, "Ba rabona." Akwai wadda zai koma ya ce, "Ba ni da kowa." Ta farko takan wuce bayan kwana biyu. Ta biyu ita ce ke zama a zuciya, ita ce kuma ke haifar da waccan hujja ta "ai kowa ci yake yi" in dama ta zo masa wata rana. Ka ɗauki teloli biyu a layi ɗaya. An ba ɗaya sabon keke mai aiki da sola, ɗayan yana nan da na ƙafa. Sallah ta ƙarato, ɗinki ya koma shagon mai sauri. Na biyun bai yi laifin komai ba, hasali ma da shi aka sayi keken, tunda duk katin wayar da ya sa akwai harajin VAT na kashi 7.5 a kai. In gwamnati za ta ɗauki kuɗinsa ta ƙarfafa abokin gasarsa, mafi ƙarancin haƙƙinsa shi ne ya ga yadda aka yi zaɓen da idonsa.

A ganinmu, abin da ya fi kusa da adalci shi ne a bar wa unguwa abin da ta sani, a karɓe mata abin da ba ta iya riƙewa. Mai unguwa da maƙwabta su shaida cewa wane tela ne da gaske, ga shagonsa a buɗe; a liƙa sunayen a bangon makarantar firamare mako guda, duk wanda ya ga sunan da bai taɓa riƙe almakashi ba ya yi magana. Daga nan a jefa ƙuri'a a fili, a gaban kowa, yaro ƙarami ya zaro. Ba caca ba ce, tunda ba wanda ya zuba komai, kuma fiƙihu ya san ƙuri'a a inda haƙƙoƙi suka zo daidai aka rasa wanda za a gabatar. Manhajar da ake buƙata a nan ƙarama ce, ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse zai iya rubuta ta cikin mako ɗaya: ta tabbatar ba wanda ya shiga sau biyu, ta ajiye sunayen inda kowa zai gani. In kuwa rance ne, a faɗa da Hausa, a rediyo da wajen taro, a kuma sa abin da aka mayar ya juya a cikin mazaɓar, har mai biya ya san sunan wanda ke biye da shi a layi. Taimakon da ba ya zaɓen kowa, irin su wuta da hanya, ko yafe harajin riba da dokar kuɗi ta 2019 ta yi wa kamfanonin da cinikinsu bai kai naira miliyan 25 a shekara ba, ya fi duk wannan sauƙin karewa, sai dai ba a ɗaukar hoto da shi.

Wannan duk maganar gaba ce. Na baya fa, waɗanda suka riga suka karɓa suka kashe? Da yawansu iyayenmu ne da abokanmu, wasu a gidajenmu suke. Wanda yake da hali, ba mu ga mafitar da ta wuce ya nemi inda ake biya ya fara ragewa ba, ko dubu biyar-biyar ce. Wanda ba shi da hali ya je ya faɗa, ya nemi a sake masa tsarin biya, ya riƙe takardarsa. Wanda dillali ya cuta ya rubuta nawa ya shiga hannunsa da sunan wanda ya karɓi sauran, tun shaidu suna raye.

Dalilin gaggawar kuwa muna ganinsa duk mako. In aka yi rasuwa a unguwa, kafin a watse wani daga cikin dangi yakan miƙe ya ce duk mai bin mamaci bashi ya zo ya same su. Mai shago yakan zo, abokin ciniki yakan zo, wani ya ce ya yafe. Ba a raba gado sai an fitar da bashi, wannan ko wanda bai yi zurfi a karatu ba ya sani, kuma aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka. Amma ba mu taɓa ganin wanda ya miƙe a zaman makoki ya ce shi ne wakilin asusun korona ba. Magada sukan raba gida da gona, wayar mamacin tana hannun ƙaramin ɗansa, saƙon tunatarwa daga banki yana shigowa da Turanci, yaron yana gogewa don ya samu wurin ajiye hotuna.